Ɓawon Albasar Augie da Mayanin Kokon Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara jama'a kallon abin kunyata ba. Ina ajin ƙarshe na jami'a a Birnin Kebbi, aikin da zai ba ni takardar kammalawa kuwa shi ne in tatso wani sinadari daga ɓawon albasa, in auna hasken da yake sha da wanda yake mayarwa. Kawuna, manomin albasa, ya aiko mini da ɓawon daga Augie, buhu guda, yana mamakin bokon da ya koma bin shara.

Na jiƙa ɓawon, sai takardar tacewa ta ƙare a ɗakin gwaji. Ni kuwa da shegen wayo na ɗauko mayanin da Inna take tace koko da shi, na wanke shi fes da omo (don tsabta, kun gane), na tace abina.

Da na kunna fitilar gwajin a ɗaki mai duhu, sai kwalbar ta ɗauki wani shuɗin haske kamar tauraro. Littafi ya ce ɗan haske za a gani, mai ruwan ɗorawa. Maimakon in yi shakka, sai na yanke cewa albasar Augie ce ta fi ta littafi. Har Kawu na buga wa waya. Washegari na sha farar shadda, na gayyato malamin da ke duba aikina da rabin ajinmu.

Malam ya dubi kwalbar, ya dube ni. Sai ya juyo da fitilar kan ƙirjina. Jama'a, rigata ta haske ɗakin da shuɗin nan sak!

"Kai ma daga Augie anka noma ka?" in ji shi. "Da mi kat tace ruwan ga?"

"Da mayanin kokon Inna, Malam."

"Wanga haske na omon wanki na, irin na rigarka. Sake aiki tun daga hwarko, in kana son hita bana."

Ajin ya kece da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Na sake aikin da takardar gaske, ɗan hasken ya fito da ƙyar, na kuma ci. Tun daga nan, in sakamako ya cika kyau, kaina nake fara tuhuma. Kawu dai har yau yana gaya wa masu saye cewa albasarsa tana haske cikin duhu, kuma ban samu ƙarfin zuciyar gyara masa ba.