Ranar da Tirena Ya Yi Baƙi a Gaban Mutanen Shinkafi

Ba zan taɓa mantawa da bikin autata Luba ba, ko da kuwa tsufa ya kwashe mini sauran tunani. A unguwarmu nan Ƙaura an san ni: in ana girkin biki ni ake ajiye wa kujera a bakin madafa. Ban yi boko ba, amma idona bai barin komai. Mace ta ƙara gishiri a ɓoye, na gani. Ta kai tsokar nama bakinta, na gani. (Har yau akwai matan da in sun hango ni sai su gyara ɗaurin zani, alhali ba su yi laifin komai ba.)

Amarya ce ta nace sai an yi wa dangin ango haɗin kayan marmari irin na zamani: tuffa, ayaba da fiya, a yayyanka a tire. Na bar aikin a hannun Hadiza, matar ɗana babba, wadda take koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Yarinya ce mai ladabi, sai dai shirunta ya yi mini yawa, ni kuwa mai shiru ba na sakin jiki da shi.

Ina daga kujerata na ga ta juya mana baya. Ta ciro wata 'yar roba daga jakarta, tana yayyafa wani ruwa a kan tiren, bakinta yana motsi. Na ce shi ke nan, wata ƙawa ta ba ta maganin farin jini don dangin miji su so Luba. A gidana! Ni da nake wa 'ya'yan mutane faɗa a kan bin bokaye!

"Ke Hadiza! Mi kika zuba ma abincin baƙi?"

"Inna, ruwan lemun tsami ne. Tun da safe na matse."

"Da wa kika taɓa jin an sa lemun tsami ga ayaba? Kuma mi kike karantawa?"

"Cingam ne, Inna."

Mata suka ƙunshe dariya. Na shinshina robar, na ji lemu kam, amma na ce ai da irinsa ake rufe warin abin. Na sa aka kai tirenta ɗaki aka rufe. Na ɗauki wuƙa, na yanka sabo da hannuna, fari tas, na kife masa faifai. Hadiza ta matso ta ce a hankali, "Inna, in ya daɗe zai sauya." Na yi mata kallon da ya sa ta koma wurin wanke-wanke.

Bayan azahar na yi wannan yanka. Motar 'yan ɗaukar amarya kuwa ta lalace a hanyarsu daga Shinkafi, ba su iso ba sai da aka sauko daga la'asar. Kuma wa ke jagorantarsu? Kulu, gwaggon ango, taubashiyata, wadda tun muna 'yan mata ba ta taɓa ganin kuskurena ta yi shiru ba.

Na ɗauko tire da kaina, ina tafe ina ƙasaita. Na dire shi tsakiyar tabarma na ce, "Ku mutanen Shinkafi, yau za ku ci abin birni. Ba wanda ya sa mai hannu sai ni."

Na ɗaga faifai.

Jama'a! Tuffa ta koma kalar tsatsa. Ayaba ta yi laushi ta yi duhu. Fiya kuwa, sai ka ce an goge gindin tukunya da ita. Kulu ta leƙa, ta ɗago, ta tafa hannu.

"La ilaha! Wanga shi ne abin birnin? To mu can ƙauye da shi muke hura wuta. A kawo mani ashana!"

Dariya ta ɓarke. Ni da nake tsare tukunyar kowa, ga tawa a buɗe gaban surukan 'yata, a ranar da za su tafi da ita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kada a riƙa yi wa Luba gori da girkin gidansu. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Sai ga sallamar Hadiza. Ta durƙusa da tirenta, ta buɗe: yana nan fes, kamar yanzu aka yanka. Ta ce, "Ku yi haƙuri iyayena, laifina ne. Ni na bari Inna ta ɗauko wancan." Ta janye nawa ta fita da shi. Kulu ta dube ta, ta dube ni, ta kai tuffa baki ta ce, "Kin yi sa'ar suruka, Mai Gawayi." (Sunan ya bi ni har yau.) Suka cinye tas, har da neman ƙari.

Washegari na kira ta ɗakina. Bakina bai saba da ban haƙuri ba, don haka na ce, "Zauna ki gaya mani, mi lemun ya yi?"

Ta ce a cikin iskar da muke shaƙa akwai wani sinadari mai son kama abu. In aka yanka ɗan itace, ɓawon da ke tsare shi ya tafi, sai sinadarin ya far wa naman ya sauya masa kala. Shi ne yake rina goro in an ɓare shi, shi ne yake sa wuƙa tsatsa, ya sa tsohon man gyaɗa wari. Lemun tsami kuwa aiki biyu yake yi. Tsaminsa yana kashe ƙarfin abin da ke cikin tuffar mai taya iska ɓarna. Sannan yana da wani sinadari da yake tarar maɓarnacin, a cinye shi maimakon a ci tuffar.

Na ce, "Wato kamar in na shanya gero, na watsa ma kaji tsaki can gefe?"

Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta sosai. "Haka ne, Inna. Kuma in tsakin ya ƙare kaji za su dawo, shi ya sa ba a barinsa ya kwana." Ta ce har a jikin mutum ana irin wannan tare faɗa, don haka take matsa wa yaranta cin goba da zogale.

Na zuba mata ido. Jiya a gaban Kulu abin da ta yi mini ke nan: ta shiga gaba aka ci ta, ni na fita da sauran mutuncina. Ban faɗa mata ba. Na dai tura mata ƙwaryar furata, wadda ko ɗana bai isa ya sa wa ludayi ba.

Yanzu akwai ɗan dashen lemun tsami a bayan madafata, kullum ina ba shi ruwan alwala, ya fara toho. Sa ido kam ban daina ba, kada wata ta ji daɗi. Sai dai in na tambaya aka ba ni amsa, nakan tsaya in ji ƙarshenta kafin in ɗauki wuƙa.