Mama Tana Bayan Gida

Abubuwa da yawa na shekarun 1980 sun ɓace mini, amma ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na je duban ƙarshe na gidan da nake ciki yanzu a unguwar Nasarawa ta Kaduna. Lokacin ina aiki a matatar mai, muna haya a Unguwar Mu'azu, mai gidan ya ba mu notis saboda ɗansa zai yi aure, ga matata Hajara da tsohon ciki. In gidan nan ya kuɓuce mana, ban san inda za mu kai jariri ba.

Gidan na wani tsohon ma'aikacin masaƙa ne, Baba Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, ya yi ritaya zai koma ƙauye. Mun daidaita kan komai, washegari za a sa hannu gaban mai unguwa. Sai dai dillalin da ya haɗa mu ya ja mini kunne tun a hanya. Ya ce, "Malam, Baba ba shi da matsala. Matarsa Mama Saratu ce ba ta son a sayar. Har an kai wannan matakin da wani Alhaji, ya ce kicin ya yi ƙanƙanta, ta ce an fasa. Duk abin da ka gani, ka ce ya yi kyau."

(Ni kuwa Allah ya yi ni da kushe. Ko tumatir zan saya sai na nemo masa aibi, ina ganin haka ne wayo.)

Baba ya tarbe mu da fara'a, ni da Hajara da dillali. Muka gaisa, na tambaye shi ina Mama. Ya ce, "Tana bayan gida." Na dubi can kusurwar tsakar gida kusa da ƙofar shigowa, na ga banɗaki a rufe, na sunkuyar da kai irin na mai kunya, ban ƙara tambaya ba.

Muka fara zagaye. Falo, na ce ya yi kyau. Silin ɗin da ruwa ya zana wa taswira, na ce ya yi kyau. Famfon da aka murɗa ya yi tari bai kawo komai ba, shi ma na ce ya yi kyau. Kafin mu kai ɗakin ƙarshe maganganun da na haɗiye sun cika mini ciki, gumi nake yi. A nan Baba ya tuna bai ɗauko makullin sito ba, ya fita, dillali ya bi shi. Na leƙa tsakar gida, banɗaki dai a rufe, kuma da nisa. Sai na saki baki.

Na ce wa Hajara, "Dubi fentin nan don Allah, kore shar kamar asibiti. Wa ya zaɓi wannan? Ga bishiyar gwaibar nan ta toshe taga, ranar da muka tare gatari zan fara saya."

Ta ce, "Malam, rage murya."

"Wa zai ji? Tsohuwar tana can tun ɗazu, ko me ta ci oho. Dama an ce rigimammiya ce. Mu dai mu lallaɓa ta zuwa gobe."

Sai ganyen gwaibar ya motsa. A hankali wani ɗankwali ya taso daga ƙasan taga, sai goshi, sai idanu. Mama Saratu ce, da kwanon yakuwa a hannu. Ashe Hausar Baba kai tsaye take tafiya: da ya ce bayan gida, bayan gidan yake nufi, inda take da ɗan lambunta, daidai gindin tagar da nake tsaye. Banɗakin kuwa iska ce ta rufe shi.

Sai na ji bakina ya ce, "Mama, gwaibar nan ta yi kyau."

Ta zagayo ta shigo, ta zauna kan kujera a falo, ta sa Baba ya miƙo mata makullan gidan gaba ɗaya, ta ɗora su a cinya. Dillali ya dube ni sau ɗaya ya gane. Baba na ta tambaya, "Madam, me ya faru?" Na durƙusa, na fara ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

"Ɗana, fentin ni na zaɓa. Gwaibar ni na dasa ranar da muka shigo. Abin da na ci kuma tuwon dawa ne, tunda ka tambaya."

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Tsoro ya fi kunyar ma yawa, don na riga na ga kayanmu a titi.

Hajara ce ta matsa, da ƙyar ta kai gwiwa ƙasa saboda cikin. Mama ta yi sauri ta riƙo ta. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta tambaye ta wata nawa. Hajara ta faɗa. Mama ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauki makullan ta danƙa mata a hannu.

"Na ji kin ce masa ya rage murya. Ke na sayar wa. Wannan," ta nuna ni da haɓa, "in kin ga dama ki ba shi hayar ɗaki ɗaya."

Washegari aka sa hannu. Sunana ne a takarda, amma har yau duk unguwar gidan Hajara suke cewa, ita kuma in muka yi 'yar sa-in-sa sai ta tuna mini cewa hayata ta kusa ƙarewa. Gwaibar tana nan, ban sayi gatari ba, kuma duk shekara ni nake kai kwandon farko tasha a kai wa Mama ƙauye. Tun daga ranar, in aka ce mini mutum yana bayan gida, sai na cire kunya na tambaya: wanne daga ciki?