Yadda Za Ka Kashe Tanderun Surukinka da Takardar Digiri

Ɗan'uwa, in ka yi digiri a ilimin gilashi, kuma ka dace da suruki mai masana'anta, gyara zama. Hanyar nan an gwada ta a nan Firozabad ta ƙasar Indiya, a kan idona, ina gefe ina naɗe kofuna a ciyawa. Ka bi ta sau da ƙafa, na yi maka alkawarin tanderun da ya shekara talatin yana ci zai mutu cikin wata uku. Jagoranmu shi ne Dakta Harendra, mijin 'yar Lala Jagmohan mai masana'antar kofunan shayi.

Mataki na 1: Shigo da farar riga

Kada ka kusanci wuta, zufa ba ta dace da mai ilimi ba. Dakta ya tsaya taku goma daga tanderu, hankici a hanci, masu hura gilashi arba'in suna ta kai da komo da sandunansu. Ya ce, "Kun san abin da kuke riƙe da shi? Ruwa ne da ya manta yadda ake gudu."

Ba wanda ya tanka. Shirun ma'aikata gamsuwa ce, ka rubuta haka a rahotonka.

Mataki na 2: Faɗi gaskiya, amma rabinta

Ƙarya tana da wuyar riƙo, rabin gaskiya kuwa har a littafi za ka nuna ta. Dakta ya zaunar da surukinsa. "Baba, in yashi da soda da farar ƙasa suka narke, ƙwayoyinsu a hargitse suke kamar ranar kasuwa. A bar su su huce a hankali, sai su jeru su zama dutse. Gilashi na samuwa ne don an hana su lokacin jeruwa. To don me muke ƙona gas awa uku a ramin hucewa?"

Ramin hucewa shi ne dogon tanderu mai ɗumi da sabbin kofuna ke ratsawa sannu-sannu. Dalilinsa yana shafi na gaba a littafin. Kada ka buɗe shafin. Lala dai bai ji komai ba sai kalmar gas, idonsa ya yi haske.

Mataki na 3: Nemo tsohon da ya sani, ka kai shi bakin ƙofa

Ba ka rasa irinsa a kowace masana'anta. Namu Ustad Nafis ne, shekara arba'in da ɗaya a gaban wuta, har ta cinye masa idon hagu.

Ya ce, "Yallaɓai, gilashi yana da riƙo. Bayansa ke riga cikinsa daskarewa, ciki yana ja, baya yana ƙi. In ba ka lallashe shi da ɗumi ba, sai ya haɗiye fushin, ya fito yana sheƙi, ran da ya ga dama ya rama."

Dakta ya yi dariya. "Baba tsoho, a wace jami'a ka karanta fushin kofi?"

"A wadda ta ci min ido."

Kada ka kore shi, za a zage ka. Karrama shi. An rataya wa Ustad furanni a wuya, aka ba shi kujera a bakin ƙofa, aka ce shi ne babban mai ba da shawara. Ya zauna kusa da karen gadi yana ƙirga motoci.

Mataki na 4: Mai da awa uku minti ashirin

Kofuna suka fito garau. Dakta ya ƙwanƙwasa ɗaya da biro, ya ce a jera. Mu kuwa a ɗakin ajiya da rana tsaka sai mu ji tas, can a jima tas, cikin ciyawa, ba wanda ya taɓa komai. Na je na faɗa masa.

Ya ce, "Ɓeraye ne."

Lura da wannan hikima. Ɓera ba ya zuwa ya kare kansa.

Mataki na 5: Gayyato shaidu

Abin kunya in ba a gaban jama'a aka yi ba, asara ce. Lala ya kira dillalai talatin daga Agra da Kanpur su ga sabuwar fasaha. Aka kawo samosa, aka tsiyaya shayi yana tururi a sabbin kofuna. Babban dillalin, Seth Murlidhar, ya ɗaga nasa, sai gindin kofin ya zauna a cinyarsa, bakin ya rage a hannunsa. Kafin ya gama ihu, wasu kofuna bakwai sun bi sahu.

Ya miƙe yana fifita rigarsa. "Lala, shayi ka kira mu sha, ko fige mu za ka yi kamar kaji?"

A makon nan aka dawo mana da kaya mota shida.

Mataki na 6: Raba laifi, kada ka ɗauki ko ƙwaya

Dakta ya ce yashin ne, ya ce damina ce, ya ce ma'aikata sun yi masa zagon ƙasa. Ma'aikatan suka ji. Da Lala ya sauko neman Ustad, kujerar babu kowa. Ashe Ustad ya ƙetara titi zuwa wata masana'anta, masu hurawa ashirin da uku sun bi shi.

Lala ya bi shi har can, hannu a haɗe yana roƙo. "Ustad, shekara arba'in kana cin abinci a ƙarƙashina."

"Na ci, Lala. Da ka kore ni ma da na yafe. Amma fure ka sa min, yaran da na koya wa aiki suna tafi."

Bai dawo ba.

Mataki na 7: Kwashe ribar ilimi

Ba dillali, ba ma'aikata, sai aka rufe gas. Gilashin da ya rage a tukunyar narkarwa ya daskare fari fat kamar dutse, ya tsaga ta gida biyu. Lala ya zauna a gabanta yini guda. Dakta ya sa guduma ya ɓalli ɓangare, ya naɗe a hankici, ya kai taron masana a Delhi. An ce an tafa masa sosai.

Gargaɗi

Ba ruwana da cinyar da ta ƙone, ko surukin da hawan jini ya kwantar, ko gidajen sauran ma'aikata goma sha bakwai da tukunyarsu ta daina hawa murhu. In abin ya ɓaci kada ka neme ni a masana'anta. Ina tashar jirgin ƙasa ina sayar da shayi, a kofin ƙasa.