Takardun Dakta Jibrin

Ran Laraba ta ƙarshe, Dakta Jibrin ya tashi da asuba kamar kowa, sai dai shi ya fi kowa sanin dalilin fitowar rana. Unguwar Rimi ba ta taɓa haifar masani irinsa ba. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma wa zai musa wa Dakta? Ɗan fari ne, iyayensa na yi masa alkunya, ba sa kiran sunansa balle su yabe shi. Ganin an bar gurbin yabo babu kowa, sai ya ɗauki aikin da kansa.

Da hantsi ya shimfiɗa dogayen takardunsa a falo. Daga Ingila ya zo da su, inda ya yi shekaru yana nazarin wasu ƙwayoyin sinadari masu siffar zobe, masu fosfaras a ciki, waɗanda ake ƙara wa ɗigon lantarki guda maras abokin zama. Ana sa su cikin na'ura mai maganaɗisu, allura ta yi ta zana tsini sama da ƙasa, dama daidai da hagu.

"Baba, mutum nawa ne a Afirka za su iya karanta wannan?" ya tambayi mahaifinsa, Malam Inuwa. "In ka cire ni, sai a sake lissafi."

Malam Inuwa ya juya shafin jarida.

Da azahar mahaifiyarsa, Hajiya Hasiya, ta tambaya ko ina ake samun fosfaras ɗin nan. Ya ce har a jikin kwalin ashana akwai shi.

"To, ashana aka je karantowa ke nan," ta ce wa maigidan. "Allah ya sa albarka."

Da la'asar maƙwabta suka zo gaishe da Sarkin Ashana, don labari ya riga ya tsallake katanga. Ya yi musu lacca har shayi ya huce. Kwalejin da yake koyarwa ba ta da na'urar, amma ya ce ƙasar ce ba ta shirya ba. "Aikin nan ba zai ruɓe a akwati ba. Za a neme shi." Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Washegari motar hayar da ya shiga zuwa Zariya ba ta isa ba.

Bayan sadakar arba'in aka raba kaya. Riguna suka tafi wajen ƙanne, littattafai kwaleji. Takardun ne suka rage, Malam Inuwa kuwa ya ƙudurta ba za su ruɓe a akwati ba. Wanda bai taɓa cewa "madalla" ba, shi ne ya riƙa yawo da su ofis-ofis. Wani malami ya duba ya ce ba fanninsa ba ne. Wani ya riƙe su a juye, ya yaba ƙwarai.

Malam Inuwa yana dawowa ya biya Rafin Guza karɓar hula wajen Tukur mai ɗinki. Tukur ya hango bakin takarda.

"Alhaji, wa ya yi wannan zane? Dubi yadda dama ta bi hagu. Ka ba ni aro."

Malam Inuwa ya miƙa masa duka.

Kafin babbar Salla hula mai wannan zane ta cika Kaduna: direbobi, 'yan tireda, har manyan sakatarori. Malam Inuwa ya sayi guda, ya kawo gida ya ajiye gaban Hajiya. Ta daɗe tana shafa zaren.

"Aikin yaron nan ne?"

"Shi ne. An neme shi."

"Sun sa sunansa?"

Malam Inuwa ya gyara zama.

"Haƙorin Kada suke ce mata."