Madubi na Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe baki a shingen jandarmomi na hanyar Kalfu ba, kuma ko na so in manta dangina ba za su bar ni ba. Ba a yin suna ko biki a gidanmu a watse ba a ba da labarin ba, kowa da gishirin da yake ƙarawa. Gara ku ji shi daga bakin mai laifin.

Lokacin ina aji shida a lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, cikin shekarun fari, soja ke mulki. Ni yarinya ce da ba a jin muryarta. In Mushe (haka muke kiran malaminmu) ya yi tambaya, yara su ɗaga yatsa suna kaɗawa suna "Muwa Mushe! Muwa Mushe!", wato "Ni, Malam!" da Faransanci, ni kuwa in sunkuyar da kai ina kallon tururuwa a ƙarƙashin tebur, alhali na san amsar. Ban taɓa ɗaga yatsa ba, don haka ban taɓa jin an ce mini "tire biyan" ba, wannan yabon da ƴan aji ke mutuwa a kansa. Amma ido gare ni. Na san maɓalli na uku a rigar Mushe da baƙin zare aka ɗinke shi, sauran da fari. Na san akuyar maƙwabta da ke ɗingishi ranar kasuwa kawai. Ina gani, ina ajiyewa, ba na faɗa wa kowa.

A shekarar ne Kawu Illa, ƙanen innata, ya dawo daga Abijan bayan shekara bakwai. Sauran ƴan ci-rani da rediyo da akwati suke dawowa, shi kuwa da mota ya dawo, tsohuwar Pijo mai buɗaɗɗen baya, ya sa mata suna Ƴar Abijan. Jama'a, kwalliyar da ke jikin motar nan ko mai tallan kayan koli bai ɗauke ta ba. Fitilu ja da kore da rawaya a goshi. Eriya biyu dogaye masu tuntu, alhali babu rediyo a ciki. Labule mai geza, furannin roba a gaban direba, jelar saniya na lilo a baya. A ƙofa an zana zaki (ni dai kyanwa mai ciwon haƙori nake gani), a baya an rubuta "Sannu Masu Kallo". Sai madubai, ko'ina madubai.

Yara na bin ta da gudu, jandarmomi kuma na tsayar da ita. Motar lodi mai taya uku da rabi za ta wuce shinge ba wanda ya ɗaga kai, amma da Ƴar Abijan ta ɓullo sai ka ji usur. Kawu yana ƙorafi a baki, amma na lura duk ranar da aka tsare shi ya fi cin tuwo da daɗi. "Sun san mota," in ji shi.

Akwai abu guda da jandarmomi ba su sani ba. Kawu ya samo jiniya a wani gareji a Abijan, irin wadda ake busa wa manya, ya ɓoye ta a cikin injin. A Tawa ta lokacin, Ferefe, babban sojan da ke riƙe da jihar, shi kaɗai ake busa wa jiniya. Kawu sai ya shiga daji yake kunna ta, ya firgita raƙuma ya yi ta dariya. Madanninta na ƙarƙashin furannin roba, in zai shiga gari kuma ya cire wata jar waya ya tura ta ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa. Yaya aka yi na sani? A bakin zaure nake zama kullum yana gyare-gyarensa. Ba ya ɓoye mini komai, kamar yadda mutum ba ya ɓoye wa turmi.

Wata Alhamis da babu lakwal, Baba ya samo buhun gero guda da ƙyar, aka ce a kai wa Kaka a Kalfu, don saƙo ya zo cewa abin da ke rumbunta ya ƙare. Kawu ya ce a ba shi yaro ɗaya ya zauna gaba riƙe da littafi, wai jandarma in ya ga ɗan lakwal zuciyarsa takan yi sanyi. Yayyena suka yi ta tsalle, kowa na so. Kawu ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wanga surutu, wanga ya hi shi. Ku ba ni Shiru." (Sunan da yake kirana ke nan.) "Ke, ɗiyata, aikinki guda: abin da kika saba. Kin ji?"

Na gyaɗa kai.

Da hantsi muka isa shingen bayan gari: ganguna biyu, dogon itace a gicciye, rumfar zana a gefe. Mata da jakuna na jira a wuce da su. Usur ya tashi tun muna nesa. Wani jandarma matashi, dogo, da biro da ɗan littafi a hannu, ya tako a hankali yana kallon motar kamar an kawo masa akushin nama.

"Kai kuma? Takardu."

Kawu ya miƙa, yana "Ranka shi daɗe, an kwana lahiya?" Takardu lafiya lau. Jandarma ya fara zagaye. Ya ja eriya ya saki, ta yi ta rawa.

"Ina rediyo?"

"Tana tahe, ranka shi daɗe."

"Daga ina?"

"Daga Abijan."

"A ƙasa take tahowa?"

Ya shinshina jelar saniya. Ya tsaya gaban zaki ya tambayi ko wace dabba ce, Kawu ya faɗa masa, ya ce Allah ya ba ta lafiya. Ya leƙa baya ya ga buhu, aka ce na tsohuwa ne, ya gyaɗa kai. Ya leƙo ta taga ya gan ni da littafi a cinya, fuskarsa ta saki, dabarar Kawu ta ci. Har ya miƙo takardun, yana rubutu a littafinsa yana faɗa da ƙarfi, da irin muryar Mushe in yana ba da shifta:

"Fitilun banza, huɗu. Eriya, biyu. Madubai, shida. Ku tahi."

Shida.

Wallahi na yi ƙoƙari. Na ciji leɓe. Na dubi ƙafata. Amma shidan nan ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, don akwai wani ɗan ƙaramin madubi mai siffar zuciya da Kawu ya liƙa a ƙasan ƙofar baya, wai don ya riƙa ganin tayarsa. Mutum ya rubuta kuskure da biro, a littafin gwamnati! Ban san lokacin da yatsana ya tashi sama ba. Yatsan da ya shekara shida a lakwal bai motsa ba, ranar har kaɗawa yake.

"Muwa Mushe."

Jandarma ya juyo. Kawu ma ya juyo, kamar wanda ya ji kujera ta yi sallama.

"Bakwai ne, Mushe."

Jandarma ya zagaya, ya duƙa, ya ga madubin. Ya dawo yana murmushi har kunne, ya buɗe mini ƙofa da kansa.

"Tire biyan!"

Ku da kuka saba jin yabo ba za ku gane ba. Kalmar nan ta shige ni kamar ruwan randa a tsakar rana. Na sauko, na tsaya ƙyam, na harɗe hannuwa a ƙirji yadda ake tsayuwar ba da hadda.

"Yarinya mai ilimi. Akwai wani abin da na manta?"

Akwai mana. Fitilun biyar ne, ɗaya na ƙarƙashin lamba. Tire biyan! Kujerar direba ba tata ba ce, ta wani gidan sinima ce. Tire biyan! Birkin hannu ba ya ci, dutsen da ke bayan kujera shi ne birkin. Tire biyan! Kawu yana tari, yana gyaran murya, yana taka ƙasa, yana kiran sunayen Allah. Na ji shi sarai. Na ɗauka alfahari yake da ni.

"Saura mi?"

"Saura jiniya, Mushe."

Kawu ya yi wata dariya da ba ta da gida.

"Yarinya ce, ranka shi daɗe, oda take nuhi. Ba ta da cikakkiyar lahiya, tun tana ƙarama..."

Ni ce ba ni da lafiya? A gaban mutumin da ya ba ni tire biyan huɗu? Na haye motar, na ɗaga shimfiɗar ƙafa, na zaro jar waya na maƙala ta inda take, na kawar da furannin roba, na danna.

Ban taɓa jin ta a kusa haka ba. Jakuna suka watse da kayansu. Wata mata ta yar da ƙwarya. Daga cikin rumfar zana wani ƙaton mutum mai tumbi, shugaban shingen da suke kira Shef, ya faso da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana ihu: "Ferefe! Ku buɗe! Ku buɗe!" Jandarmomi biyu da ke shan shayi suka ture butar, suka ɗage itacen, suka jeru a bakin hanya suka ƙame. Har mai biron, da ya san komai, jikinsa ya riga hankalinsa, ya sara. Mutum huɗu suna sara wa hanyar da babu kowa a kanta sai wata tunkiya.

Madannin kuwa ya maƙale. Sai da Kawu ya miƙo hannu ya fizge wayar.

A hankali Shef ya sauke hannu. A hankali ya juyo. Abin da ya gani shi ne yarinya ƴar aji shida a kujerar sinima, yatsanta cikin furannin roba. A daidai nan ne hankalina ya dawo daga inda ya tafi yawo, na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

"A kai motar ga furiyar," in ji Shef, wato inda ake tsare motoci har ciyawa ta fito a tayarsu. "Da ita da abin da ke cikinta."

Kawu ya durƙusa. Bai roƙi motar ba, wannan kam sai a yaba masa. "Ranka shi daɗe, hatsin na uwata ne. Tana Kalfu, ba ta da komi."

"Kowa da an kama sai ya tuna yana da uwa." Shef ya nuno ni da takalmin da ke hannunsa. "Ke, tunda ba a koya miki ƙarya ba. Gaskiya ne?"

Ina kuka, majina har baki, amma hannuwana da kansu suka harɗe. Na ce rumbun Kaka an share shi, ƙofarsa ma a buɗe take. Na ce tukwane uku take jiƙa anza a ciki, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci, tana sauya ruwa kullum kafin su ciwu. Na ce cikin awakinta uku saura ɗaya, ita ma kwali take ci. Na ce munduwar da ke tsaya mata a wuyan hannu, zuwanmu na ƙarshe har gwiwar hannu take zamewa in ta ɗaga hannu.

Shef ya sauke takalmin. Ya dubi buhun, ya dubi ƙasa. Wata tsohuwa cikin masu jakuna ta ce, "Allah sarki." Da na tsaya nan, da yau da mutunci ake ba da labarina.

"Kuma hularka a juye take, Mushe."

Wani cikin jandarmomin ya yi wani sauti ta hanci, ya mai da shi tari. Shef ya ɗaga hannu ya juya hular, bai ce tire biyan ba.

Hukuncin da ya yanke shi ne hatsi ya wuce, mota ta wuce, amma tsirara. Kawu zai kwance komai da hannunsa a nan bakin hanya, ni kuma in tsaya in faɗi abin da ya saura, tunda na fi kowa sani. Haka aka yi. Jiniya, fitilu biyar, eriya, labule, jela, furanni, aka tara a gaban rumfa. Da Kawu ya cire madubi na shida ya dube ni, na dube shi. Idonsa na roƙo. Na rufe baki gam, na rantse wannan karon na rufe. Sai mai biron ya duba littafinsa ya ce, "Bakwai ne," ya duƙa ya ɓalle shi da kansa. Zaki kawai ya tsira, don fenti ne.

Daga shinge har Kalfu Kawu hanya kawai yake kallo. Sau ɗaya ya kai hannu zai gyara furanni, ya tarar babu, ya mai da hannun kan sitiya.

Muka shiga garin ba yaron da ya bi mu. Kaka ta fito tana dogara sanda, ta shafa buhun, ta yi hamdala, ta sa mana albarka. Sannan ta ƙanƙance ido ta dubi motar.

"Illa, wa ya yi wa motar ga aski?"

Kawu ya nuna ni da haɓa. "Tambayi Shiru."

Da ya gama ba ta labari, Kaka ta yi dariya har ta zauna a kan buhun, munduwar na zamewa tana mayarwa. Daga ranar sunana ya tashi daga Shiru ya koma Bakwai, kuma har yau akwai jikokin dangi da suka ɗauka shi ne sunana na yanka.

Abin da ya fi ƙona wa Kawu rai ba kayan ba ne. Bayan askin, ba jandarman da ya sake busa masa usur. Ya zo shinge ya rage gudu, ya gyara hula, ya shirya takardu, a ɗage masa itace ba a ko dube shi ba. A rumfar kuwa ga madubinsa mai siffar zuciya a rataye jikin zana, Shef na duba hularsa a ciki. Sai da ya yi wata biyu kafin ya sake yi mini magana, kuma abin da ya fara cewa shi ne in tashi daga bakin zaure zai yi gyara.

Na girma, na yi aure, na haifi masu tuƙa mota. Har yanzu in aka tsayar da mu a hanya idona na ƙirga komai, ba yadda zan yi da shi. Amma na koyi darasi: in mai kaki ya ce shida, to shida ne. Hannuna na dama kuwa zama nake yi a kansa har sai an ɗage itace.