Tumbin da Gogo ta Gina

"Lale, lale da amarya! Tsohuwa, ke ce da sassafen nan? Ya hanya?"

Gogo ta tsaya a ƙofar gidan ta riƙe haɓa, tana kallon jikanta Munzali daga sama har ƙasa. Tun da asuba ta baro Barkiya, ta biyo ta Kurfi zuwa Dutsin-Ma, saboda labarin da 'yan kasuwa suka kai mata. Wai kullum ana ganin Munzali, ma'aikaci guda mai mota, yana tafiya a ƙasa kan hanyar Zobe, yana wurga hannuwa shi kaɗai. Ta ce masu sharri ne. To ga shi yau a gabanta, da ɗan wando iya gwiwa, gumi sharkaf. Tumbin nan kuwa da dangi ke taƙama da shi a wurin biki, babu shi babu alamarsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kai yaro, kira mani maigidan."

"Ni ne dai angon naki."

"Ƙarya kake! Mijina da ƙyar ƙofar nan ke isar shi. Kai ko ta taga sai ka wuce. Ina ka kai tumbin?"

"Na ba da shi sadaka."

"Naka ne da za ka bayar? Ni na gina shi! Da furata da man shanuna, tun kana fitsarin kwance a kan tabarmata."

"Tabarmar da ta girmi Dutsin-Ma? Ai taimakon ta na yi, ta samu wanki."

Gogo ta yi tsaki ta shige tsakar gida. Ga mota nan a rumfa, lafiyarta ƙalau, har da ƙyalli. Wannan ya ƙara rikita ta, don a hanya ta riga ta yanke cewa talauci ne, talauci kuwa ta san yadda ake lallaɓa shi.

"Korar ka aka yi daga aiki?"

"A'a."

"Surayya ce ta daina girki? Kira ta, yau zan ji dalili."

"Ki bar matata, ta fi ki iya miya."

"To mi ya koro ka kan titi?"

"Ba abin da ya koro ni. Motsa jiki nake."

"Ina kake zuwa?"

"Ba ko'ina. Akwai wata tsamiya can gaba, in na kai sai in juyo."

"Tsamiyar kake tsinkowa?"

"A'a."

"Wani ke jiran ka a gindinta?"

"Babu kowa."

Gogo ta dafe ƙirji ta zauna daɓas a kan kujera. "Ka tafi ba ka kai komi ba, ka dawo ba ka ɗauko komi ba? La'ilaha illallahu! Shekara talatin ina ɗaukar ƙwaryar nono a ka zuwa kasuwar Kurfi, ƙafata duk faso, ina roƙon Allah kada jinina ya sake taka ƙasa don dole. Allah ya amsa, ya ba ka mota, kai kuma ka ce ba ka so!"

"Ai tafiyar ce ta sa kika ƙi mutuwa, Gogo. Sa'anninki duk sun tafi, ke kina nan kina cinye mana goro."

"Ja'iri! Sai na ga jikanka."

Surayya ta fito ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye shayi da kwanon karin kumallo ta koma. Gogo ta fizgi kofin Munzali ta kurɓa, don ta ji abin da ake ba shi. Nan take ta furzar.

"Wannan mi ne ne? Ruwan wankin tukunya?"

"Shayi ne, sukari ne babu."

Ta buɗe kwanon. Zogale ne da ɗan wake, ko ɗigon mai babu. "Subhanallahi! Ashe akuya na aura ban sani ba. Kai da kake tashi da kwanon waina da tsire, ka kora da lemon kwalba biyu?"

"Na daina. Da dare ma tuwo rabin malmala nake ci."

"Rabi? Ɗayan rabin wa ya yi wa laifi?"

Munzali ya yi dariya. Gogo ba ta taya shi ba. Ta gama lissafinta: mutum na da abinci ya ƙi ci, yana da mota ya ƙi hawa, yana zuwa gaida tsamiya kullum safiya. Wannan ba ya rasa hannun mutane. Ta miƙe ta gyara mayafi.

"Sa riga. Akwai malami a Shema, shi ya yi wa mijin Talatu maƙwabciyata rubutu lokacin da ya fara magana da turmi. Yanzu za mu."

"Haba amarya, da girmana?"

"Wane girma? Ai ka ba da shi sadaka. Wallahi ba ni komawa Barkiya sai na ga an dawo da kai yadda kake!"

Da ya ga da gaske take, sai ya daina dariya. Ya jawo kujera kusa da ita.

"Gogo, zauna. Bayan ƙaramar salla faɗuwa na yi a ofis, sai a asibiti na farka. Suka auna jini, suka auna sukari, duk sun hau. Likita ya tambaye ni ko akwai mai irin haka a gidanmu." Ya dube ta. "Shekara nawa Baba ya yi a duniya?"

Gogo ta koma ta zauna a hankali. Mahaifin Munzali ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗi, har yau da yake cikin ƙasa. Arba'in da huɗu ya yi. Yana alwala ya kife, bai ƙara magana ba. Shi ma ƙato ne, wuya ninki-ninki, kuma ita ce ke cika masa kwano tana murna, tana cewa ɗanta ya ji daɗin duniya. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa jikin nan ne ciwon.

"Ni arba'in da ɗaya gare ni," in ji Munzali. "Likita ya ce in sha magani, in rage ciki, in yi tafiya kullum. In na ƙi, hanyar Baba ce."

Tsoro ya kama Gogo, irin wanda rabon ta da shi tun ranar da aka fito da ɗanta a makara. Ta sa gefen mayafi ta share ido, ta ce hayaƙin kicin ɗin Surayya ne.

"Tsamiyar taka, minti nawa ce?"

"Ashirin zuwa, ashirin dawowa."

"Tir! Wannan kake kira tafiya? Kazata ta fi haka kafin ta yi ƙwai. Daga gobe ka wuce ta, rago kawai."

"Malamin Shema fa?"

"Ya sha rubutunshi." Ta miƙa masa sandar da take dogarawa. "Ungo. Ka riƙa fita da ita. Wanda ya gan ka sai ya ce saniya ce ta ɓace maka, ba hankali ba."

Munzali ya karɓa da hannu biyu yana dariya. "Ke kuma da mi za ki dogara, tsohuwa?"

"Da kai mana, don mi na aure ka? Kuma ka ji ni da kyau. Na yi wa kakanka takaba, ba ni yin ta biyu. Ni na riga ka zuwa, ni zan riga ka tafiya. Ka kuskura ka shiga gabana, ka ga yadda ake rashin mutunci!"