Nonon da Tabawa Ba Ta Gani Ba

A gidan marigayi Jatau mutum biyu suka rage: ƙanwarsa Tabawa, da autansu Nomau. Nomau ya haura arba'in, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Tsakuwar ƙoda ce ta yi ajalin Jatau. Ba a shekara ba ciwon ya kwantar da Tabawa, girki ya koma hannun Nomau.

Wata rana likita ya ce masa, "Gishiri ne ke jan kalsiyam, sinadarin ƙashi, zuwa fitsari, ya dunƙule tsakuwa. Kada gishiri ya shiga tukunyarta." Nomau ya dafa miya salam, ya barbaɗa gishirin a kwanonta.

"Kashe ni za ka yi?"

"Tukunya ya ce, Yaya."

Wata rana kuma aka ce ta yi ta shan ruwa, shi ya tabbatar fitsarin ya yi fari. Surukan Jatau na zaune sun zo dubiya, ta fito daga bayi, ya ɗaga murya: "Yaya, ya yi fari?" Baƙin suka sunkuyar da kai. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Wata rana maƙwabciya ta ce ai nono cike yake da kalsiyam, shi ya sa Jatau ma ya daina sha. Tabawa ta tsorata. "Nomau, kada in ƙara ganin nono a gidan nan." Ya ce to. Kullum sai ya zuba ludayi biyu a fatenta, ya juya har farin ya ɓace. Ita ta ɗauka tsamin yakuwa ne.

Bayan wata huɗu likita ya duba gwajinta ya ce, "Babu sabuwar tsakuwa. Ba ki bar nono ba ko?"

"Na bari tuni."

"Tana sha," in ji Nomau. "Gani ne ba ta yi."

Likita ya ajiye takardar. "Da an zuba shi cikin abinci, tun a hanji kalsiyam ɗinsa yake kama abin da ke cikin ganye mai haɗa tsakuwa, su fita ta bayan gida. Wanda ya bar shi ne ke ƙara wa ƙodarsa aiki."

Tabawa ta tuna Jatau yana ture ƙwaryar nono da ƙishinsa. Ta share ido da bakin mayafi.

"Yaya, na yi laifi? Kin taɓa gani?"

"Ban taɓa gani ba, auta. Ka ci gaba."